A Sawun Ƙwaron da Ke Cin Zuciyar Dabino

Daga Marseille zuwa Toulon gefen teku jirgin ƙasa yake bi, ya kutsa cikin dutse ya fito, ya sake kutsawa, duk fitowa kuwa sai ruwan Bahar Rum ya haske maka ido. Bayan Toulon wani ɗan reshen dogo ne ke ɓallewa, ya tafi ya ƙare a Hyères. Watan Yuli ne, rana ta buɗe sosai. Mai masaukina, Alhaji, mutumin Damagaram ne, ya daɗe yana aiki da wani kamfanin kula da lambuna a wannan yanki na kudancin Faransa, kuma yawancin aikinsa a saman dabino yake yin sa. Tun a waya ya gaya mini in har ina son ganin abin da ke kashe musu itatuwa, to in zo tsakiyar lokacin zafi.

"Malam, ka zo a daidai," in ji shi bayan mun gama gaisawa. "Yanzu suke tashi. Wata biyu nan gaba ko da kuɗinka da ƙyar ka ga ɗaya."

Hyères gari ne da ya gina sunansa a kan dabino. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 manoman garin suka lura cewa hunturunsu ba shi da tsanani, itatuwan ƙasashen zafi suna kamawa a ƙasarsu, sai suka buɗe gandayen renon dashe suna sayar wa sauran ƙasashen Turai. Alexis Godillot, attajirin da ya yi arziki da ɗinka wa sojojin Faransa takalma, ya sayi filaye ya shata tituna ya jera musu dabino, har yau kuma ɗaya daga cikin manyan titunan garin sunansa yake ɗauke da shi. Turawan Ingila masu gudun sanyi suka riƙa zuwa cin hunturu. Marubuci Robert Louis Stevenson ya zauna nan daga 1883 zuwa 1884, Sarauniya Victoria ma ta sauka a 1892. Ana ƙiyasta itatuwan dangin dabino da ke garin da kusan 7,000. Mafi yawansu dabinon tsibiran Kanari ne, mai kaurin jiki da cikar kai, wanda 'ya'yansa ba su ciwuwa. Ga mutumin da ya tashi ya san dabino a matsayin abin buɗa baki da guzurin matafiyi, abin yakan zo da mamaki da farko. Amma da na zaga garin na ga masu otal, masu gandun dashe, direbobi da masu aski da share itatuwa irin su Alhaji, na gane cewa wannan dabinon ma yana ciyar da gidaje, ta wata hanyar ce kawai daban.

A kan hanyarmu ta zuwa gida ya riƙa nuna mini giɓi a cikin jerin itatuwan: nan kututture ne da aka yanke daidai da ƙasa, can kuma ɗan dashe ne da aka sa ya maye gurbin wanda ya shekara ɗari. Abokan gaba biyu ne, in ji shi, kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai jan ƙwaro mai dogon baki, wanda asalinsa kudancin Asiya ne, ya shigo Faransa a 2006. Shi dabinon Kanari ya fi so, in ya kama itace kuwa wata rana sai a wayi gari rassan sun zube gaba ɗaya. Na biyun ya riga shi zuwa da shekara biyar, ya fi shi haƙuri wajen kisa, kuma ya fi shi wuyar kamawa. Shi ne na zo nema. Masana suna kiransa Paysandisia archon, sun kuma sa shi a dangin faɗa-wuta.

Washegari da hantsi muka shiga wani lambu a gefen gari. Alhaji ya ce kada in wahalar da idona da safe ko da yamma, sai rana ta take, tsakanin ƙarfe sha ɗaya da la'asar. Muka zauna a inuwa muna kallon wasu gajerun itatuwa masu ganye irin na giginya. Can sai wani abu ya gifta da gudu, da girma har na ɗauka tsuntsu ne. Ya yi kewaye ɗaya ya dawo ya sauka a bakin ganyen da ya tashi.

Da yake zaune, fukafukansa na sama ne kawai ake gani, masu launin ƙasa-ƙasa da ɗan kore, sun saje da busasshen reshe. Da wani ɗan'uwansa ya gifta sai ya buɗe su zai bi shi, na ƙasan suka bayyana: ruwan lemo mai haske, da baƙar ɗamara a tsakiya, a cikin ɗamarar kuma fararen ɗigo biyar ko shida a jere. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike santimita 9 zuwa 11 ne, macen ta ɗan fi namijin. Gashin kansa guda biyu suna da ƙulli a ƙarshe, irin na malam-buɗe-littafi. Na daɗe ina kallonsa. Ban taɓa ganin ƙwaro mai kwarjininsa ba, kuma duk da na san ɓarnar da ta kawo ni, zuciyata ta ƙi yarda ta tsane shi. Alhaji ma, da ya shekara da shekaru yana yaƙi da shi, cewa ya yi, "Wallahi Malam, halitta ce mai kyau. Ba shi ya kawo kansa ba."

Wanda muke kallon namiji ne. Ɗabi'arsa ke nan: ya zaɓi ganye guda a wuri mai rana ya mai da shi fadarsa, duk abin da ya gifta ya bi shi da gudu, in namiji ne ya kore shi, in mace ce ya raka ta. Yana goga ƙafafunsa na tsakiya a jikin ganyen, yana barin wani ƙamshi nasa. Wannan ɗabi'a ita ce ta ɗaure wa masu yaƙi da shi hannu. Yawancin dangin faɗa-wuta da dare suke harka, macen ta saki ƙamshi namiji ya biyo shi daga nesa, shi ya sa masana kan haɗa irin ƙamshin a ɗakin bincike su ɗana tarko da shi. Jan ƙwaron ma da tarkon ƙamshi ake gane ya shigo gari. Macen wannan kuwa ba ta da ƙamshin kira daga nesa, da ido suke neman juna a tsakar rana. Wani masanin ƙwari na Kataloniya, Víctor Sarto i Monteys, shi da abokan aikinsa suka bayyana haka a binciken da suka buga a 2012. Saboda haka babu wani tarko mai sauƙi da za a rataya a lambu a tafi a kwanta.

Babban ƙwaron ba ya cin komai. Makonni biyu zuwa huɗu da yake yi a duniya, da kitsen da ya tara tun yana tsutsa yake rayuwa, aikinsa ɗaya ne, ya bar baya. Ɓarnar duk ta tsutsa ce, ita kuwa a filin da kamfaninsu ke tara sassan itatuwan da aka sare na gan ta.

Alhaji ya jawo wani gungume ya tsaga shi da zarton inji. Daga waje itacen lafiya lau yake, in ban da ɗan garin itace mai ɗanko da ya taru a gindin rassa. Cikinsa kuwa ramuka ne sun ratsa juna, wani ya wuce kamu guda a tsawo, cike da tuƙaƙƙen zare da kashin tsutsa. A ƙarshen wani ramin ga ta nan kwance, fara sol, mai kauri, da kai ruwan ƙasa, tsawonta ya kusa santimita 9. Ya ɗora ta a tafin hannunsa mai safa, ya ba ni tarihinta daki-daki, irin na wanda ya koya da hannu kafin ya ji daga bakin masana.

Macen tana da wani bututu a bayanta da take zarowa, ta cusa ƙwai cikin zaren da ke lulluɓe da gindin rassa, kusa da kan itacen. Ba ta tara su wuri ɗaya, ɗai-ɗai take sa su, itace bayan itace, kuma mace guda takan ɗauki ƙwai wajen 140. Ƙwan dogo ne mai tsini a baki biyu, bai kai rabin santimita ba. Cikin kwana 12 zuwa 21 sai ya ƙyanƙyashe. 'Yar tsutsar tana fitowa da launin ja-ja, ba ta ɓata lokaci a fili, nan take take hudawa ta shige. Daga ranar kuma ba mai sake ganinta. Tana ci tana girma tana saɓa har sau takwas ko fiye, ta yi hunturu a cikin ɗumin itacen. Wadda aka haifa da wuri takan gama cikin wata goma da 'yan kwanaki, wadda ta makara sai ta ƙara wani hunturun, ta yi wajen wata goma sha takwas. In biyu suka haɗu a rami ɗaya, babbar takan cinye ƙaramar. Idan lokaci ya yi sai ta matso kusa da bayan itacen, ta tsinko zaren dabinon ta saƙa wa kanta gida mai tsawon kusan santimita 6, ta shafe cikinsa da siliki, launinsa kuma ba ya bambanta da jikin itacen. Ta kwanta a ciki wata ɗaya da rabi zuwa wata biyu. Ranar fita sai ta murɗa jiki har ta leƙo waje rabi, fatar ta tsage, mai fukafukai ya fito ya hau sama ya shanya su. Saɓar da ya bari, ja-ja mai sheƙi, takan zauna a maƙale a jikin itacen, ita ce shaidar da ba ta ƙarya.

Akwai wata alama da ta fi wannan saurin bayyana, wadda tun da Alhaji ya nuna mini ita idona bai daina nemanta ba. Sabon ganyen dabino a naɗe yake fitowa daga tsakiya, ninki a kan ninki. In tsutsa ta huda shi sau ɗaya yana naɗe, ranar da ya buɗe sai ka ga huji a jere reras daga wannan gefe zuwa wancan, tazararsu ɗaya. Mai lambun da ya san wannan jerin huji yana da sauran lokacin ceto itacensa. Wanda bai sani ba sai kan ya karkace, ko ya ja sabon tsiron ya biyo hannunsa yana wari.

Dalilin da ya sa rami ɗaya ke iya kashe itacen da ya shekara hamsin yana cikin halittar dabinon. Mangwaro ko ɗorawa in ka sare mata reshe, wani take fitarwa, don idanun tsiro sun cika jikinta. Dabino da giginya da kwakwa kuwa idon tsiro ɗaya tak gare su, can a tsakiyar kai, daga shi kowane ganye yake fita. In tsutsa ta kai gare shi, magana ta ƙare. Goruba ce kaɗai a cikin waɗanda muka sani a gida take raba kai biyu, kowanne ya sake rabuwa.

Daga Hyères na yi yamma zuwa Montpellier, garin da lambun tsirransa na jami'a ya samo asali tun 1593. Wannan yanki shi ya fi jin jiki. Akwai wani ɗan siririn itace mai ganyen giginya da aka kawo daga ƙasar Sin, Trachycarpus, wanda masu gidaje suka so ƙwarai saboda yana jure sanyi. Zaren da ya lulluɓe jikinsa ya yi wa macen daidai wajen sa ƙwai, jikinsa kuma siriri ne, tsutsa kaɗan sun ishe shi. Cikin shekara goma mafi yawansu suka ƙare a yankin. A unguwannin bayan gari na riƙa ganin sandunansu tsaye a ƙofar gidaje, ba kai.

A nan ne kuma aka fi ƙoƙarin neman magani. Feshin guba ba ya kai wa ga abin da ke can cikin itace, ga shi dokar Faransa ta hana amfani da yawancinsa a lambunan gwamnati da na gidaje. Masu binciken cibiyar noma ta ƙasar a lokacin, INRA, suka haɗa wani danƙo daga man tsirrai da ƙaro, ana fesa shi a kan itacen kafin lokacin tashin ƙwaron. Yana hana macen sa ƙwai, wanda ya fito daga ciki kuma fukafukansa su manne ya kasa tashi. Wasu suna amfani da nematod, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, ana dama su a ruwa a kwarara a kan itacen, su bi ramuka su shiga jikin tsutsar su kashe ta cikin kwana biyu ko uku. Sai dai su ma rayayyu ne, rana da bushewa na kashe su, dole sai da yamma ake zuba su, a jiƙa itacen kafin da bayan. Akwai fumfunar da ake kira Beauveria bassiana, mai kama jikin tsutsa ta tsiro a kanta. Masu ƙananan itatuwa kuwa raga suke rufa musu tun daga Mayu har Satumba. Duk waɗannan suna aiki daidai gwargwado, amma kowannensu sai an maimaita shi kowace shekara, itace ɗaya bayan ɗaya, da kuɗi da tsani da ma'aikaci. In maƙwabcinka bai yi ba, daga gidansa za a sake kawo maka baƙi.

Jirgin da ya ɗauke ni daga Montpellier ya ratsa Perpignan ya tsallaka iyaka zuwa Girona, a Kataloniya ta ƙasar Sifen. A wannan lardi, cikin 2001, aka fara ba da rahoton ƙwaron a nahiyar Turai, a shekarar kuma aka gan shi kusa da Hyères. Italiya ta biyo baya a 2002, Girka a 2006. Lardin Girona ƙasa ce mai koguna da gandayen renon itatuwa, ka bi hanya ka ga dabino a tukwane jere har iyakar ganinka.

Asalin ƙwaron Kudancin Amurka ne: arewa maso gabashin Ajantina, Yurugwai, Faragwai da kudancin Barazil. Hermann Burmeister, Bajamushen da ya shugabanci gidan tarihin halittu na Buenos Aires, shi ya fara bayyana shi wajen 1880. A lardin Entre Ríos na Ajantina akwai filayen ciyawa da wani dabino mai suna yatay ya cika, har an keɓe masa gandun daji na ƙasa, El Palmar, a bakin kogin Yurugwai. A can ƙwaron yana zaune da itatuwansa tun fil azal, kuma ba a lissafa shi cikin manyan masu ɓarna. Bai ma cika yawa ba, masu tara ƙwari sai sun nema kafin su same shi. Yana da maƙiyansa da ke rage shi, itatuwan kuma sun saba da shi.

Abin da ya canza shi ne kasuwa. A shekarun 1990 gine-gine suka tashi a gabar tekun Sifen da Faransa da Italiya: otal-otal, rukunin gidajen hutu, shataletale, titunan bakin ruwa. Kowa yana son dabino, kuma ba mai son jira. Dabinon yatay yakan yi shekaru da yawa kafin ya yi tsawon mutum, a Entre Ríos kuwa ga su nan manya a filayen kiwo. Sai aka riƙa tumɓuke su da saiwarsu, su da wani mai ƙaya da ake kira caranday, a ɗaure rassan, a loda a jirgin ruwa. Tsakanin 1992 da 1998 aka yi ta wannan safara. Tsutsar tana kwance a ciki, ba a ganinta, ba a jin motsinta, tafiyar makonni a teku ba ta dame ta ba tunda abincinta ne ya zama jirginta. Ta sauka inda ba mai cin ta, ga kuma itatuwa iri-iri a jere da ba su taɓa sanin irinta ba: dabinon Kanari, dabinon ci, dogayen Washingtonia na Kaliforniya da Meziko, na Sin, na Ostireliya. Sama da iri ashirin aka same ta a ciki. Daga gandun dashe kuma motoci suka rarraba ta gari-gari, da rasit da komai.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Ba wanda ya yi nufin sharri. Mai otal inuwa yake so kafin baƙi su zo, ɗan kasuwa riba yake nema, ma'aikacin tashar jirgi ya duba abin da ido ke iya gani ya buga hatimi. Amma sauri ya haifi nawa. An ƙi jiran shekara goma sha biyar ɗan dashe ya girma, yanzu an haura shekara ashirin ana sare waɗanda kakanni suka dasa.

A Basalona na shiga jirgin ruwa zuwa Alcúdia, a arewacin tsibirin Mayorka. Da dare a saman jirgin tunanina kudu ya yi. Daga Mayorka zuwa birnin Aljas kusan kilomita 300 ne kawai, bayan gabar kuma sai ƙasar dabinon ci, wadda ta miƙe dausayi bayan dausayi har Kawar da Bilma da Ingal. An tabbatar wannan tsutsa tana cin dabinon ci. Jan ƙwaron kuwa ya riga ya nuna hanyar da irin wannan annoba ke bi. Ya shiga ƙasashen Larabawa na yankin Gulf a tsakiyar shekarun 1980, ya isa Masar a 1992 cikin 'ya'yan dashe da aka shigo da su, daga Masar aka kai shi Sifen cikin manyan itatuwa. Ya ɓulla a Tanja ta Maroko a 2008, Libiya a 2009, Tunisiya a 2011, sai ga shi a Tidjikja, tsakiyar Muritaniya, a ƙarshen 2015. Ba da fukafukansa ya ketare wannan hamada ba. A Tidjikja an gano shi da wuri, manoman dausayin da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, suka tashi tsaye, suka duba itace-itace, suka sare masu cuta, suka hana fitar da dashe, suka shawo kansa. A wajenmu sha'awar irin dabinon Larabawa tana ƙaruwa, kuma abu ne mai kyau, tashar binciken dabino da ke Dutse ma don inganta iri aka kafa ta. Abin da nake roƙo shi ne duk ɗan dashen da zai tsallako iyaka ya bi ta hannun masu killace tsirrai, a tsare shi a duba shi, ko a kawo wanda aka rena a kwalba a ɗakin bincike, wanda ba shi da gungumen da tsutsa za ta ɓuya.

Abin da ya kai ni Mayorka wani ɗan itace ne da ba wanda ya saya, ba wanda ya dasa. Nahiyar Turai dabino iri biyu kawai ta gada daga Allah: ɗaya a tsibirin Kirit na Girka, ɗaya kuma wannan gajeren, Chamaerops humilis, da mutanen tsibirin ke kira garballó. Yana fitowa a gabar Sifen da Italiya da tsibiran tsakani, yana nan kuma a duwatsun Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Duk wanda ya san kaba a dajin Gobir ko Damagaram, in ya gan shi zai ce ita ce: kurmi-kurmi a ƙasa, ganye mai yatsu, ƙaya a jikin sanda, kai da yawa daga gindi ɗaya.

Daga Port de Pollença na hau bas zuwa zirin Formentor, don da zafi ana taƙaita shigar ƙananan motoci. Hanya ce mai murɗiya a gefen dutse, teku can ƙasa a hagu da dama, awakin daji suna tsallaka titi. Na sauka a wata tasha na bi sawun ƙafa. Gangaren duk garballó ne, daga bakin hanya har inda dutse ya yanke ya faɗa ruwa. A farkon shekarun 2000 ƙwaron ya shigo wannan yanki ta lambunan gidaje, daga nan ya tsallake katanga ya shiga daji. Ban yi nisa ba na fara ganin jerin hujin nan a ganye. Na durƙusa a gindin wani kurmi na buɗa rassan, ga garin itace, ga saɓa a maƙale. Wasu kawunan sun bushe sun yi toka-toka, wasu na gefe suna da rai. Yawan kan da yake da shi yana taimakonsa, in ɗaya ya mutu wani ya tsiro, haka yake yi ko bayan gobara. Amma tsofaffin da suka yi tsawon mutum, waɗanda suka ɗauki shekaru aru-aru kafin su kai haka, su ne na fi gani a kwance.

Na tsaya ina duban gangaren ina lissafa magungunan da na gani a Montpellier. Wa zai hau wannan dutse da tankin ruwa ya zuba wa kowane kurmi nematod da yamma? Wa zai rufa wa daji raga? Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan wanda ya ɗebo daban, wanda ya ƙone daban. Itacen lambu yana da mai shi, in ya mutu a sayo wani. Wannan kuwa shi ke riƙe ƙasar gangaren kada ruwa ya wanke ta, a inuwarsa ƙananan tsirrai ke samun tsira daga rana da awaki, akwai ma wani ɗan ƙwaro da ke kai masa garin fure daga namiji zuwa mace, wanda a jikin furen nasa kaɗai yake hayayyafa. In ya tafi, ba shi kaɗai zai tafi ba.

Zangona na ƙarshe Capdepera ne, a gabashin tsibirin, gari mai tsohuwar ganuwa a kan tudu. Shi da maƙwabcinsa Artà sun shahara da saƙar ganyen garballó, sana'ar da suke kira llata. A watan Yuli ake hawa dutse a zaro sabon ganyen tsakiya tun yana naɗe, a shanya shi makonni a rana ana juyawa, a turara shi da hayaƙin farar wuta ya yi fari ya yi laushi, sannan a tsaga shi siri-siri a kitsa doguwar ɗamara, a ɗinke ta ta zama kwando ko jaka ko hula ko mafici. Da can yawancin gidajen garin da wannan suke rufa wa kansu asiri, yanzu dattawan mata ne suka riƙe ta suna koya wa masu tasowa.

Na sami wata dattijuwa a ƙofar gidanta da dami a gabanta tana tsincewa, wani ta ajiye dama, wani ta jefa hagu. Jikarta ce ta yi mana tafinta. Na tambayi na hagun, sai ta ɗauko ɗaya ta buɗe mini, ga hujin a jere. Ta ce irin wannan in an tsaga shi a daidai hujin yake tsinkewa, ba ya kitsuwa, sai dai a yi tsintsiya da shi. Ganyen da masu saƙa ke so, sabon nan na tsakiya mai taushi, shi ne kuma tsutsar ke fara ci. Ta tambaye ni ko a ƙasarmu ana irin wannan saƙa, na ba ta labarin tabarmar kaba da malafa da igiya, ta sa jikar ta maimaita mata yadda ake tsaga ganyen, ta gyaɗa kai ta ce hannu ɗaya ne. Sannan ta ce ta gaya wa samarin da ke hawa dutse su ɗebo mata ganye: duk kurmin da suka ga garin itace a gindinsa kada su zari komai a jikinsa, su bar masa ganyensa ya ji da abin da ke cikinsa, su ƙara gaba ko da tafiyar za ta yi nisa.